Kwamitin sa ido kan bashin gina makarantu a Kalifoniya: yana da haƙora kuwa?

Abu_Safiyya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar gundumomin makarantu a jihar Kalifoniya ta Amurka. Duk lokacin da wata gunduma ta nemi masu zaɓe su yarje mata ta ci bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni don gina azuzuwa ko gyara tsofaffi, sai ka ga a ƙarshen rubutun takardar ƙuri'a an ce akwai kwamitin jama'a mai zaman kansa da zai sa ido, za a binciki kuɗin duk shekara, kuma ko sisi ba zai tafi albashin manyan jami'ai ba. Magana ce mai daɗin ji. Amma masu gidaje ne za su yi shekara 25 ko 30 suna biyan bashin nan ta harajin kadara.

To su wa ke zama a kwamitin, kuma wa ke naɗa su? Suna iya hana a kashe kuɗi ko su soke kwangila, ko kallo ne nasu? Wanda ya shiga kwamitin, ko wanda yake waje amma yana so ya bi diddigi, waɗanne takardu zai nema, kuma ina zai duba a cikinsu? Bayani dalla-dalla nake so, ba wa'azin riƙon amana ba.

Mai_Bin_Diddigi:

Wa alaikumus salam, Malam. In fara da tambayarka ta biyu: ba sa iya hanawa. Kwamitin ba ya ba da kwangila, ba ya soke ta, ba ya zaɓen makarantar da za a fara gyarawa, kuma ba shi ke sa hannu a biya ɗan kwangila ba. Wannan duk hurumin hukumar gudanarwar gunduma ne, wato zaɓaɓɓun membobinta. Abin da doka ta ɗora wa kwamiti shi ne ya duba yadda aka kashe kuɗin, ya sanar da jama'a.

Kafin shekarar 2000, sai kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a sun amince kafin gunduma ta ci irin wannan bashi. A Nuwamban 2000 masu zaɓen jihar suka amince da kudurin da ake kira Proposition 39, wadda ta sauko da adadin zuwa kashi 55 cikin 100. Sassaucin ba kyauta ba ne. Tsarin mulkin jihar ya gindaya cewa a rubuta jerin ayyukan da za a yi, kada a taɓa kuɗin don albashin malamai da jami'an gudanarwa ko hidimar yau da kullum, sannan a yi bincike iri biyu duk shekara har kuɗin ya ƙare: ɗaya na lissafi, ɗaya na tabbatar da cewa ayyukan da aka lissafa su aka kashe wa. Shi kuwa kwamitin, majalisar dokokin jihar ce ta ƙara shi a wata doka ta wannan shekarar, yana sashe na 15278 zuwa 15282 na kundin dokokin ilimi. Tsohuwar hanyar kashi biyu cikin uku tana nan har yau, kuma gundumar da ta bi ta, doka ba ta tilasta mata kafa kwamiti ba. Saboda haka ka fara tabbatar da hanyar da bashin ya bi.

Dole a kafa kwamitin cikin kwana 60 daga ranar da hukumar ta shigar da sakamakon zaɓen a rubutaccen bayanin taronta. Mutum bakwai ne mafi ƙaranci, ba a biyan su, wa'adi aƙalla shekara biyu ne, kuma ba a wuce wa'adi uku a jere. Kujeru biyar doka ta keɓe: ɗan ƙungiyar 'yan kasuwar yankin, ɗan ƙungiyar dattawa, ɗan ƙungiyar masu biyan haraji ta gaske, uba ko uwar wani ɗalibin gundumar, sai wani uba ko uwar da ke aiki a ƙungiyar iyaye da malamai ko majalisar makaranta. Ma'aikacin gundumar ko jami'inta ba ya shiga, haka ɗan kwangilarta, da mai sayar mata da kaya, da wanda take biya ya ba ta shawara.

Ga inda gizo ke saƙa: hukumar da ake sa wa ido ita ke zaɓen masu sa mata idon, kuma galibi ita ke rubuta musu ƙa'idojin aiki. Hukumar Little Hoover, wadda ke nazarin ayyukan gwamnatin jihar, ta taɓo raunin 'yancin waɗannan kwamitoci da ƙarancin horonsu a rahotanninta na 2009 da 2017. Don haka ka karanta ƙa'idojin kafin komai. Wa ke tsara ajanda, shugaban kwamiti ko ma'aikatan gunduma? Hukumar na iya cire memba ba tare da dalili ba? Sau nawa ake zama a shekara? An yarda kwamiti ya gana da odita kai tsaye? Akwai kujerar da ta daɗe ba kowa, musamman ta masu biyan haraji? Idan ma'aikata ne ke riƙe da ajanda, zaman kuma sau biyu ne a shekara ana haska hotunan sabon fenti, to kyanwar Lami ce.

Duk da haka doka ta ba shi makamai. Wajibi ne gunduma ta ba shi taimakon ƙwararru da na ofis, da abin da zai yaɗa sakamakon bincikensa, kuma ba daga kuɗin bashin za ta biya wannan ba. Zamansa a buɗe yake ga kowa, ana liƙa ajanda awa 72 kafin taro kamar yadda dokar Brown, wato dokar buɗaɗɗen taro ta jihar, ta tanada, duk takardar da ya karɓa kuma dole ta hau intanet. Yana da ikon zuwa ya ga gine-gine da idonsa, ya duba shirin gyare-gyaren da aka jinkirta, ya kuma tambayi matakan rage tsada, har da kuɗin masu zane da masu ba da shawara. A Los Angeles akwai yarjejeniya tsakanin gunduma da kwamitinta wadda ta sa ake kawo masa ayyuka ya ba da shawara kafin hukuma ta kaɗa ƙuri'a. Yarjejeniya ce ba dokar jiha ba, amma babu abin da ya hana wani kwamiti ya nemi irinta.

Ma'aunin komai shi ne jerin ayyukan. Ba taƙaitaccen rubutun nan mai kalma 75 na kan takardar ƙuri'a ba, cikakken kudurin da ke littafin bayanin zaɓe. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci biyu da ya kamata a sani. A 2007, a shari'ar gundumar kwalejojin Foothill-De Anza, ta ce jerin ba sai ya faɗi kowane aiki filla-filla ba, ya isa ya bayyana nau'o'in ayyukan. A 2013 kuma, a shari'ar gundumar San Diego, ta hana a biya fitilun filin wasan makarantar Hoover da kuɗin bashi, domin jerin bai ambace su a ayyukan wannan makarantar ba. Tsakanin hukuncin nan biyu lauyoyin gundumomi suka koyi rubuta jeri mai faɗi wanda kusan komai ke shiga. In jerin ya zama haka, tambayar ko an kauce masa ba ta da amfani sosai, sai a koma ga farashi da inganci.

Hajiya_Akanta:

Malam Mai Bin Diddigi ya shimfiɗa doka, ni bari in shiga takardu, don a nan ake bambance kwamiti mai aiki da na 'yan amshin shata.

Gundumomin makarantun jihar suna amfani da lambobin asusu iri ɗaya. Kuɗin takardun lamuni yana shiga asusu 21, asusun gini. Asusu 01 na hidimar yau da kullum ne, 35 na kason da jiha ke bayarwa, 51 kuma shi ke karɓar harajin da ake biyan bashin da shi. Abin nema duk wata uku shi ne cikakken littafin shige da fice na asusu 21, layi bayan layi: kwanan wata, sunan wanda aka biya, lambar odar saye, lambar aiki, adadi. A ba ka shi a fayil ɗin da za ka iya tacewa a kwamfuta, ba hoton takarda ba. Abin da aka saba kawo wa kwamiti shafi guda ne, makaranta kaza miliyan kaza, wanda ba ya nuna komai.

Kowane layi yana da lambar nau'in kashewa. Jerin 2000 albashin ma'aikatan da ba malamai ba ne, 3000 alawus da inshorarsu, 4000 kayan aiki ƙanana, 5000 hidimomi da 'yan kwangilar shawara, 6000 filaye da gine-gine da manyan na'urori. A shirin da ke tafiya daidai, kaso mafi tsoka yana 6000. Ka fara tace 2000 zuwa 5000, sannan duk wani kuɗi da aka tura daga asusu 21 zuwa wani asusu. Ka kuma kula da gyare-gyaren lissafi na ƙarshen watan Yuni, lokacin rufe shekara. A nan ne kuɗin da aka fara rubutawa a asusu 01 ke sulalewa ya koma 21 da bayani na kalma uku.

Maganar "ba albashi" tana da ƙofa. A 2004 babban lauyan jihar ya ba da ra'ayi cewa ana iya biyan ma'aikatan gunduma daga kuɗin bashi gwargwadon aikin da suka yi na kula da ayyukan ginin da masu zaɓe suka amince da su. Manajan gini da akantan shirin sun shiga ciki, ba laifi. Matsalar ita ce kaso. Ka nemi sunan kowane muƙami, kashi nawa na albashinsa aka ɗora wa asusu 21, da takardar lissafin awowin da ta goyi bayan wannan kason. In an ce rabin albashin daraktan kula da gine-gine daga bashi yake, shekara biyar kason bai motsa ba, kuma babu takardar awowi, to ƙiyasi ne aka yi sau ɗaya aka manta.

Sai iyakar da ke tsakanin gini da hidima. Sabon rufi gini ne, facin yoyo duk damina hidima ce. Sayen injin sanyaya ɗaki ya halatta, kwangilar wanke shi duk shekara ba ta halatta ba. Lasisin manhaja da ake sabuntawa shekara-shekara shi ma abin tambaya ne. Na'urori kuwa doka ta yarda da su a matsayin kayan makaranta, amma a tuna da shirin iPad na gundumar Los Angeles a 2013, wanda aka ƙiyasta kan dala biliyan 1.3 har da aikin intanet ɗin makarantu, daga kuɗin bashi, ya kuma watse kafin a kammala shi. Na'urar da za ta mutu a shekara huɗu ko biyar, bai kamata a yi shekara 25 ana biyan kuɗinta ba. Wasu gundumomi suna sayar da rukunin takardu na daban mai gajeren wa'adi don na'urori kaɗai. Ka tambaya ko an yi haka.

Ba wanda zai karanta layi dubu uku. Ka zaɓi kamar 20 duk zama: biyar mafi girma, waɗanda suka tsaya dab da ƙasan iyakar gasar kwangila, masu adadi cif-cif irin dala 50,000, da kamfanonin da sunansu bai taɓa fitowa ba. Kowanne ka nemi abu huɗu: kwangila ko odar saye, ranar da hukuma ta amince, takardar neman biya, da sa hannun wanda ya tabbatar an yi aikin. Na biyar, a nuna maka layin da ya halatta shi a jerin ayyuka. Kuma kai za ka zaɓa, kada ma'aikata su zaɓar maka.

Wani abu da ake sakaci da shi: ka adana rahoton farko. Kowane aiki ya kamata ya zo da kasafinsa na asali, na yanzu, abin da aka ɗaure a kwangila, abin da aka biya, da abin da ya rage kafin a gama. Gundumomi kan goge kasafin asali su rubuta sabo a gurbinsa, sai kowane aiki ya fito yana cikin kasafi har abada. Da tsohon rahoto a hannu, sai ka haɗa kuɗin ayyukan da suka rage ka gwada da ragowar bashin da aka amince. Nan za ka gano tun da wuri waɗanne makarantu ne ba za su samu komai ba.

Abu_Safiyya:

Na gode, Hajiya, Allah ya ƙara sani. Amma tunda akwai odita mai zaman kansa duk shekara, in rahotonsa ya ce komai lafiya, ba shi ke nan ba? Me mutum bakwai 'yan sa-kai za su gano wanda ƙwararre bai gani ba?

Hajiya_Akanta:

Ba shi ke nan ba, Malam, saboda dalili biyu. Na farko lokaci. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, doka kuma ta ba da har 31 ga Maris na shekara mai zuwa kafin rahoton ya iso kwamiti. Kuɗin da aka biya a farkon Yuli na iya yin wata 21 kafin ka ga sunansa a rahoto. Ihu bayan hari ke nan.

Na biyu faɗin binciken. Hukumar ce ke ɗaukar oditan, ita ke yanka masa iyakar aiki, sau da yawa kuma kamfanin da ke binciken asusun gunduma gaba ɗaya ne. Ka tsallake shafin ƙarshe, ka karanta inda aka bayyana manufa da hanyar binciken. Yawanci za ka tarar an ɗebi samfurin biye-biye an gwada su da jerin ayyuka, an ga sun dace. Bai ce farashin daidai ne ba, bai ce an yi gasar kwangila bisa adalci ba, bai ce komai kan ƙarin aiki ko jinkiri ba, tunda ba a tambaye shi ba. Kwamiti na iya rubuta wa hukuma ya nemi a faɗaɗa binciken shekara mai zuwa ya haɗa da waɗannan, ya kuma nemi oditan ya zo da kansa ya amsa tambayoyi. In rahoton ya fito da gyare-gyare, doka ta ba hukuma wata uku ta kawo wa kwamiti amsarta. Ka riƙe jerin gyare-gyaren bara, ka ga wanne ya sake dawowa bana.

Injiniyan_Gini:

Hajiya ta yi daidai, sai dai littafi na iya fita tsaf alhali an yi asara a fili.

Ginin makarantar gwamnati a jihar yana ƙarƙashin dokar Field ta 1933, wadda aka kafa bayan girgizar ƙasar Long Beach ta 10 ga Maris na wannan shekarar da ta rusa makarantu da dama. Ofishin mai zanen gine-gine na jiha, DSA, shi ke amincewa da zane kafin a fara. Kowane aiki yana da sufeto wanda gunduma ke ɗauka da amincewar DSA, ba ɗan kwangila ke biyan sa ba, da ɗakin gwajin kankare da ƙarfe da walda. A ƙarshe DSA na rufe fayil da shaidar an bi ƙa'ida, ko ba tare da ita ba. A 2011 binciken 'yan jarida da na oditan jiha sun nuna dubban ayyuka a faɗin jihar an rufe su babu shaidar. Ka nemi lambar DSA ta kowane aiki, ka duba matsayinsa a shafin ofishin. Ginin da bai samu shaida ba yana iya riƙe amincewar sabon aiki a kansa, kuma neman takardun bayan shekaru, lokacin da sufeto da ɗan kwangila sun watse, ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Kan bayar da kwangila, asalin ƙa'ida shi ne aikin gini da ya kai dala 15,000 sai an yi gasa a bai wa mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cancanta. Gundumomin da suka rungumi wani tsarin lissafi na jiha suna da iyaka mafi girma, don haka ka tambayi wanne ake bi. Daddatsa aiki ɗaya don a kauce wa gasa haramun ne a doka. Ka nemi takardar sakamakon gasa: kamfani nawa suka shiga, kuma yaya farashinsu yake idan an gwada da ƙiyasin mai zane. Kamfani ɗaya ko biyu kullum, da walakin. Wanda kuma ya faɗo ƙasa da kowa da tazara mai yawa, a zuba ido, wataƙila a takardun canjin aiki zai fanshe.

Takardun canjin aiki su ne zuciyar lamarin. Doka ta yarda a ƙara aiki ba tare da sabuwar gasa ba har kashi 10 cikin 100 na asalin kwangilar. Misali, kwangilar dala miliyan 8 na iya ɗaukar ƙarin dala 800,000. Ka tambayi gunduma yadda take lissafa wannan kason, kowace takarda ita kaɗai ko jimillarsu. Sannan ka sa a rarraba su bisa dalili. Akwai abin da ba a gani ba sai da aka fasa bango ko aka tona ƙasa, irin su asbestos, ruɓaɓɓen katako da tsohon bututu da babu shi a zane. A gyaran ginin shekarun 1950 wannan ba makawa, ko da yake yawansa na nuna ba a yi binciken farko da kyau ba. Akwai kuskuren zane, wanda ya kamata a tambaya ko an nemi mai zanen ya ɗauki nasa kason. Akwai abin da DSA ta buƙata. Akwai kuma "shugaban makaranta ya ce a ƙara", wanda shi ne ke cinye kuɗin makarantar da ke ƙarshen layi. Kowace takarda ta zo da awowin ma'aikata, rasit na kaya da ribar da kwangila ta ƙayyade. Ka duba kwanakin da aka ƙara ma, don kowace rana tana jawo kuɗin zaman ɗan kwangila a fili, tana kuma share tarar jinkirin da ya kamata ya biya.

Akwai tsarin da gunduma ke ba ɗan kwangila hayar filin, ya gina, ta sake karɓar haya daga hannunsa. Da can ana ba da shi ba gasa. Bayan shari'ar Davis da gundumar Fresno a 2015, majalisa ta gyara dokar, daga Janairun 2017 sai an yi zaɓe na gasa bisa maki. A irin wannan kwangila ka nemi takardun makin, da farashin ƙananan 'yan kwangila, da lissafin kuɗin ko-ta-kwana da ke cikin jimillar farashi. Ana iya cinye wannan kuɗin kaf ba tare da takardar canjin aiki ko ɗaya ta je gaban hukuma ba. Ka tambayi wa ke ba da izinin taɓa shi, da inda ragowar ke komawa. Haka kamfanin da ke kula da shirin gaba ɗaya: in ana biyan sa kaso daga kuɗin gini, me zai sa ya rage tsada?

Ziyarar fili kuwa, kada ta zama yawon buɗe ido. Ka tafi da takardar neman biya ta watan jiya mai nuna kashi nawa aka gama a kowane sashe, da rahoton sufeto na kullum. In takarda ta ce aikin lantarki ya kai kashi 70, kai kuma ka tarar ko waya ba a ja ba, an biya gaba da aiki, kuma ranar da ɗan kwangila ya gudu babu abin da zai isa a ƙarasa. Kuɗin da ake riƙewa daga kowane biya, doka ta taƙaita shi a kashi 5 a yawancin ayyuka. Kada a sake shi kafin a gama jerin ƙananan gyare-gyare, a karɓi takardun garanti da zanen yadda aka gina a zahiri. Ba ka da ikon ba leburori umarni a fili. Ka rubuta abin da ka gani, da hoto da kwanan wata.

Dan_Lissafi:

A ganina asara mafi girma ba a fili take faruwa ba, ranar sayar da takardun take faruwa, kuma kwamitoci da yawa ko leƙa nan ba sa yi.

Doka ta sa iyakar harajin shekara ga kowane bashi da aka amince ta hanyar kashi 55: dala 60 kan kowace dala 100,000 ta ƙimar kadara a haɗaɗɗiyar gunduma, 30 a ta firamare ko ta sakandare zalla, 25 a ta kwaleji. Gidan da ofishin haraji ya ƙimanta dala 500,000 zai biya har dala 300 a shekara kan bashi ɗaya, in basussukan uku ne kowanne da nasa. Amma iyakar hasashe ce da ake yi lokacin sayarwa. In ƙimar gidaje ba ta ƙaru yadda aka zata ba, ƙaramar hukuma za ta ɗora duk abin da zai isa a biya bashin, ko ya haura 60. Shi ya sa lambar da ta fi muhimmanci ita ce kashi nawa aka ɗauka ƙimar za ta riƙa ƙaruwa duk shekara. Tun Proposition 13 ta 1978, wadda ta taƙaita harajin kadara, ƙimar gidan da bai canja hannu ba ba ta ƙaruwa fiye da kashi 2 a shekara, sauran ƙarin daga saye da sayarwa da sabon gini yake zuwa. Ka gwada hasashen da tarihin gundumar na shekara 20, har da shekarun da suka biyo bayan 2008.

Gundumar Poway ce misalin da kowa ke bayarwa. A 2011 ta ci bashin dala miliyan 105 da takardun da ba a biyan komai a kansu har shekara 20, ruwa na hawa kan ruwa, jimillar biya kusan dala biliyan ɗaya. Wannan ya jawo dokar AB 182 ta 2013: jimillar biya ba za ta wuce ninki huɗu na uwar kuɗi ba, irin waɗannan takardu ba za su wuce shekara 25 ba, kuma dole a iya fanso su bayan shekara 10. Ninki huɗu ma ba araha ba ne.

Takardar bayanin sayarwa da jadawalin biya suna nan kyauta a shafin EMMA, inda ake wallafa bayanan irin waɗannan takardun lamuni a Amurka, rahoton shekara na yadda aka kashe kowane rukuni kuma yana zuwa hukumar CDIAC mai bibiyar basussukan gwamnati a ofishin ma'ajin jiha. Ka duba ko an sayar da fiye da abin da za a iya kashewa. Ƙa'idar harajin tarayya tana sa ran a kashe kashi 85 cikin shekara uku, kuma kuɗin da ke kwance ana biya masa ruwa a banza. Sannan ka ɗauko jerin waɗanda suka ba kwamitin kamfen ɗin bashin gudummawa, ka jera shi kusa da jerin waɗanda suka samu kwangila. Gudummawa ba laifi ba ce, amma shari'ar gundumar Sweetwater da ta fara a 2012, inda jami'ai da 'yan kwangila da dama suka amsa laifi kan kyaututtuka, ta isa dalilin dubawa.

Mai_Bin_Diddigi:

Malam Dan Lissafi, a shirya jin lauyan gunduma ya ce tsarin cin bashin ba hurumin kwamiti ba ne, nasa kashewa ce kawai. Yana da hujja a lafazin doka. Amma takardun na jama'a ne, kuma kowa na iya tashi ya yi tambayar a taron hukuma.

Wanda ba ya cikin kwamiti yana da dokar bayanan jama'a ta jihar: ka rubuta buƙata, gunduma na da kwana 10 ta faɗa maka ko tana da takardun kuma za ta bayar, da ƙarin kwana 14 in akwai uzuri na musamman. Ka ambaci asusu, lambar aiki da tsakanin kwanaki, kada ka ce "duk abin da ya shafi bashin", don za a ce buƙatar ta yi faɗi. Su kuma membobi su kiyaye, dokar Brown ta hana rinjayensu tattauna aikin kwamiti a bayan fage, ko da ta imel ne ɗaya bayan ɗaya. Da wannan kuskuren ake rufe bakin kwamiti mai ƙwazo.

In an ga ɓarna, a fara da wasiƙa ga hukuma, a karanta ta a buɗaɗɗen taro don ta shiga rubutaccen bayani. Sai rahoton shekara, wanda kwamiti ya kamata ya rubuta da kansa, ba ma'aikata su rubuta ya sa hannu ba. Ya faɗi ƙarara ko an bi sharuɗɗa, ya lissafa takardun da ya nema aka hana shi da ranakun da ya nema. Daga nan akwai majalisar masu taimaka wa kotu ta ƙaramar hukuma mai binciken ofisoshin gwamnati, tana karɓar koke a asirce. Akwai shugaban ilimi na ƙaramar hukumar, wanda ke da ikon sa a yi bincike na musamman in ana zargin zamba, galibi ta hannun FCMAT, hukumar da ke duba harkar kuɗin gundumomin makarantu. In laifi ne ƙarara, ofishin mai gabatar da ƙara. Sashe na 15284 na kundin dokokin ilimi kuma ya ba wanda aka ɗora wa harajin, ko ya biya shi cikin shekara guda da ta wuce, damar zuwa kotu ya nemi a dakatar da kashewar da ta saɓa wa sharuɗɗa. Tsayar da kuɗin da bai fita ba ya fi sauƙi a kan dawo da wanda aka riga aka biya, don haka ajandar hukuma ake bi, a ga kwangilar tun tana jiran ƙuri'a.